Littafin Da Mijinta Ya Karanta

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun safe kuna cewa na bar ku a rataye, a yi min afuwa, autata ce ta yi wa cajata wankan shayi. Wanda ya shigo yau ma ya jawo kujera, zai gane inda aka dosa.

*

Tambayar ba ta Anti ba ce, shi ya sa da farko ba ta ma saurara ba. Tana zaune a kan dandamali tana gyara mayafi, idonta na kan masu leƙa teburin littattafanta can bakin ƙofa. Taron marubuta da masu zane ya yi armashi bana, zauren ya cika har wasu sun jingina da bango suna fifita da takardar shirin taro.

A damanta mijinta ne, Mai Zane, wanda duk bangon littafin da ta taɓa fitarwa shi ya zana. A hagunta kuma wani siririn matashi ne, malamin firamare, mai littafi ɗaya tilo da ya fito bana, shi ma Mai Zane ne ya zana masa bango. Anti ba ta taɓa wahalar da kanta wajen riƙe sunansa ba. Ɗan Gilashi take ce masa.

'Yar rediyon da ke jan hirar ta riga ta gama da Anti. Anti kuwa ta ba su labarin da take bayarwa a kowane taro, wanda ba ya taɓa faɗuwa ƙasa banza: wai mijinta bai taɓa karanta littafinta ko ɗaya ba. In ta gama tsara labari a kanta, sai ta je shagonsa, ta kife bokitin fenti ta zauna, ta ba shi labarin da baki tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana haɗa kala yana ji. Abin da kunnensa ya ɗauka shi hannunsa ke zanawa. Ta ce karatu sa shi ciwon kai yake yi, ko takardar magani ita ke karanta masa. Aka yi dariya, aka tafa, Mai Zane ya sosa ƙeya kamar kullum.

Anti tana son labarin nan fiye da yadda take son wasu littattafanta. Nata ne. Duk marubutan da ke kai masa aiki taƙaitaccen bayani suke ba shi a tsaye su tafi, ita kaɗai ke da bokiti.

Sai 'yar rediyo ta juya ga Mai Zane tana murmushi.

"To Malam, shi ma wannan ƙanen namu bokitin ka kife masa?"

"A'a," in ji shi. "Nasa karantawa na yi."

Aka sake dariya, an ɗauka wasa ne. Anti ma ta dara.

Amma bawan Allahn nan bai tsaya nan ba. Mutumin da in an ba shi makirufo sai a yi ta roƙonsa ya ƙara ko kalma biyu, yau bakinsa ya buɗe. Ya ce ya ɗauki littafin ne don ya leƙa shafin farko ya ga yanayinsa, bai farga ba sai ga shi a tsaye tsakiyar shago, fenti ya bushe ƙamas a jikin buroshi. Ya ce da ya kai ƙarshe komawa farko ya yi. Ya ce akwai wurin da in ya tuna har yanzu sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ɗan Gilashi ya sunkuyar da kai, wai shi kunya. Zauren ya ɗauki tafi.

Anti ma ta tafa. Me za ta yi in ba ta tafa ba, wayoyi sun fi a ƙirga duk an saita su a fuskarta? Murmushin na nan inda ta ajiye shi.

Shekara da shekaru tana ajiye wa mutumin nan littafinta a kan matashi, ya ɗauke ya mayar kan durowa. Akwai wanda ta rubuta masa sadaukarwa da hannunta, daga baya ta tarar ya tokare ƙafar teburin shago da shi. Ta yi dariya a lokacin, har ta sa a cikin labarin da take ba jama'a. Ashe kan nasa yana da littafin da ba ya masa ciwo.

Wallahi da mace ce da abin ya zo mata da sauƙi, ko ba komai ta san sunan ciwon, ta san kuma ƙawayen da za ta kira su taya ta zagi. To wa za ta kira ta ce tana kishin malamin firamare mai wuya kamar mariƙin lema? Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ana cewa a tafi hutu ta miƙe. Ba ta bi ta wajen masu jiran ta sa musu hannu ba. Ta taɓa kafaɗar mijinta da yatsa ɗaya, ta wuce bayan labule.

*

Ɗakin ajiya ne ɗan ƙarami, an jibge kujerun roba a kusurwa, ga kwalayen littattafai, ga wata fanka mai karyayyen wuya.

"Rufe ƙofar."

Ya rufe. Ya dube ta, ya ga babu wasa, amma duk da haka ya gwada sa'arsa.

"Ranki ya daɗe, laifin me talaka ya yi?"

"Ciwon kan ya warke?"

"Wane ciwon kai?"

"Wanda littattafaina ke sa ka."

Ya yi tsuru-tsuru. Ya fara cewa ai littafin yaron ba shi da kauri, kuma ran nan babu aiki a shago, kuma shi bai zaci maganar za ta yi tsawo ba. Anti ta bar shi ya yi ta kame-kame har ya gaji don kansa.

"A gaban jama'a, Malam. Na gama cewa ba ka karatu, ka buɗe baki ka ce ka yi sauka ka koma farko. Ka san me za su ce? Za su ce mijinta ma ya kasa cinye nata."

"Babu mai cewa haka."

"Ni na ce."

Ta jawo kujera ɗaya daga tarin, ta fasa zama, ta riƙe bayanta da hannu biyu.

"Me yake da shi wanda ba ni da shi?"

"Maman yara, mu bar maganar nan sai mun je gida."

"A gidan ma ita za ka tarar. Faɗa min."

"Kar ki sa ni faɗin abin da ba zai koma ba."

"Na sa ka."

Ya daɗe yana kallon faratansa, waɗanda duk wankin duniya ba ya raba su da shuɗin fenti. Can ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Na karanta naki."

"Wanne?"

"Duka. Duk wanda ya fito sai na karanta shi a shago."

Kun san zuciya ba ta da kunya. Kafin ƙiftawar ido wani daɗi ya ratsa Anti, har ta ji kamar ta saki kujerar ta rungume shi. Sai hankalinta ya dawo ya ce mata tsaya, ruwa ba ya tsami banza.

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Don na san za ki tambaye ni yadda na gani."

Ta saki kujerar.

"Yaya ka gani?"

Ya faɗa mata, kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona ta ke nan. Ya ce matar da ke zama kan bokiti a shagonsa daban, wadda yake tararwa a littafi daban. Ya ce in tana ba shi labari da baki, sau da yawa yakan juya mata baya kamar yana neman kala, alhali ido yake gogewa. Amma in littafin ya fito ya buɗe, sai ya ga an wanke labarin, an shanya, an goge shi da dutsen guga. Duk wurin da ya yi mata zafi a baki sai ta yanke shi, ta cike gurbin da nasiha.

"Abin da kika faɗa min nake zanawa," ya ce, "ba abin da kika rubuta ba."

"Shi kuma fa?"

"Shi bai koyi tsoro ba tukuna. Abin da ya ƙona shi, shi ya sa a takarda."

Anti ta yi wata 'yar dariya da ba ta da alaƙa da daɗi. Ita da ke zama alƙaliyar gasa, ta ja jan biro a rubutun 'ya'yan mutane ta ce musu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, yau ga ta a gaban madubi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ta ce masa ya leƙa waje ya ga layin da ke jiranta. Ta ce tana rubutu tun yaron nan yana tsotson yatsa. Ta ce mai shafa kala ba shi ne zai koya mata aikinta ba. Bai musa ko ɗaya ba, ita kuma kowace magana ta faɗa sai ta ji ta fito fayau kamar an buga gwangwanin da babu komai ciki.

Abin da take so ya ce ɗaya ne: naki ya fi nasa. Ko ƙarya ce ta yarda, za ta karɓa hannu biyu. Ta tsaya tana jira, ya ƙi faɗa.

"Akwai wata magana kuma," ya ce. "Gara ki ji ta daga bakina kafin mu koma ciki."

"Na ƙoshi."

"Don Allah ki tsaya. Game da littafin nasa ne, akwai wani wuri..."

"Wurin da ke sa ka ajiye buroshi? Riƙe abinka."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaya daga masu shirya taro ce, wai jama'a sun dawo, saura su. Anti ta gyara mayafi, ta ɗora murmushinta, ta fice. Tana ji yana kiranta a baya ba ta waiwaya ba.

*

Ana wata ga wata. A lungun da zai kai ta dandamali wa za ta ci karo da shi in ba Ɗan Gilashi ba. Har ƙasa ya rusuna. Ya zaro wani tsohon littafinta daga jaka, bangon ya sha hannu har an liƙe shi da salatif, ya ce tun yana sakandare yake ajiye da shi, a cikinsa ya fara sha'awar rubutu, ko za ta taimaka ta sa masa hannu.

Da ya yi mata rashin kunya da ta ji daɗi. Ladabin nan nasa kamar ana zuba mata gishiri a gyambo.

Ta sa hannun. Ya tambaye ta ko ta samu ta duba kwafin nasa da ya aika mata.

"Yana kan layi," ta ce.

Yana kan layi kam. Yana can saman firij cikin ledarsa, an ɗora masa kwandon albasa.

Suka koma suka zazzauna. Mai Zane ya zo daga baya, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira shi wajen likita. Sau biyu yana matso da kansa zai yi mata raɗa, tana kawar da kunne.

'Yar rediyo ta ce yanzu lokacin karatu ne, kuma tunda Malam ya kwaɗaita wa jama'a, matashin marubuci zai fara, ya karanto wurin nan da ke sa a ajiye buroshi.

Anti ta harɗe hannuwa. To, mu ji. Ta shirya kunnenta tsaf don tsintar kuskure.

Ya buɗe littafin, ya tura gilashinsa sama, ya fara. Muryarsa ba ta da wani daɗi. Labarin wata yarinya ce 'yar makaranta, uwarta tela ce mai ɗinki a gida. Idon uwar ya fara mutuwa a hankali, tana ɓoyewa, don kar masu kawo ɗinki su gudu, don kuma kar 'yarta ta tsorata.

Anti ta sauke hannuwanta.

Wata safiya maɓallin farar rigar makarantar yarinyar ya cire. Uwar ta ce kawo, ta laluba gwangwanin zare, ta zura allura da lalube, ta ɗinke maɓallin tsaf, ta miƙa mata tana cewa ga shi, fari tas, babu mai gane an taɓa shi. Yarinya ta duba ta ga baƙin zare ne ɓaro-ɓaro a ƙirjin farar riga. Nan ta gane uwarta ba ta gani.

Wuta ta ɗauke wa Anti.

Yarinyar ta ɓoye abin da ta gane. Ta sa rigar, ta ce an gode Mama, ta tafi makaranta. Yara suka yi ta mata dariya, malama ta ce ta je a sake ɗinkin, ta ƙi. Haka ta yi ta sa rigar, don in ta warware zaren uwar za ta shafa ta ji, ta san an gane.

Mutum ɗaya Anti ta taɓa ba wa labarin nan a duniya. Ko ƙannenta ba su sani ba. A kan bokiti ta faɗe shi, shekarun baya, tana kuka har da majina, ta ce zai shiga littafinta na gaba. Da ta zo rubutawa hannunta ya ƙi. Ta ce wa kanta ba za ta tona asirin mahaifiyarta a kasuwa ba, ta cire shi, ta sa wata doguwar nasiha a kan biyayyar iyaye.

Ta juya a hankali ta dubi mijinta. Kansa na ƙasa.

Wata dattijuwa a layin gaba ta cire tabarau tana share ido da gefen gyale. Wani ƙato mai kyamara ya sauke ta daga kafaɗa yana jan hanci.

Kuma abin da ya fi komai cin ran Anti, wanda ba za ta taɓa yafe wa yaron nan ba, shi ne ya rubuta shi da kyau. Babu ƙari, babu wa'azi. Ta nemi kalma ɗaya da za ta ja wa jan biro ta rasa. Uwarta ce, rigarta ce, kukanta ne, ga su a bakin wani, ana yi masa hawayen da ita ba a taɓa yi mata ba.

Ya kai ƙarshe, inda yarinyar ta girma ta faɗa wa uwar gaskiya suka rungume juna. Ya rufe littafin. Tafin da aka yi sai da 'yar rediyo ta ɗaga hannu kafin ya lafa.

Ɗan Gilashi ya ce, tsakaninsa da Allah, ba zai ci yabon shi kaɗai ba. Wannan wurin ba daga kansa ya fito ba. Tun yana rubuta littafin yakan je shagon Malam ya zauna kallon aiki, ran nan ya yi masa kukan labarinsa ya maƙale, sai Malam ya ba shi labarin wata yarinya da ya ce ya sani. Shi bai ma faɗa masa zai sa ba, sai da Malam ya gani a littafi.

Aka sake tafa wa Malam. Malam bai ɗago ba.

"Anti," in ji 'yar rediyo, tana miƙo mata makirufo, idonta ita ma ya yi ja, "ke ce babba a nan. Me za ki ce wa ƙanenki game da wannan rubutu?"

Anti ta karɓa. Ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, ta sha faɗarsa: Allah ya yi albarka, a ƙara ƙoƙari, gaba ta fi baya yawa. Tana faɗa an wuce wurin, labarin ya zama na Ɗan Gilashi har abada, ita kuma ta koma gida da mutuncinta.

Mai Zane ya ɗago ya dube ta, yana girgiza kai a hankali, roƙo ne ƙarara a idonsa.

"Ya yi kyau," ta ce. "Sai dai zaren ba baƙi ba ne. Ja ne."

Wasu suka fara dariya, suka ga fuskarta suka haɗiye.

"Kuma ba ta faɗa mata ba. Har uwar ta rasu ba ta faɗa mata ba."

Ɗan Gilashi ya cire gilashin gaba ɗaya. Ya ce, "Anti... kin san yarinyar ne?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta kamo hannun mijinta, hannun nan mai shuɗin farata, ta danƙa masa makirufo, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, kai ka bayar da labarin. Faɗa musu wace ce."

Wayoyi suka ɗago sama. Lasifika ta ɗauki numfashinsa tana watsawa har ƙarshen zaure. Ya miƙe tsaye, ya buɗe baki.